Hular Surukina

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da aka ɗaura auren ƙanin matata a Turba ba. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma abin da mutum ya aikata a gaban liman da dattawan gari guda ba ya mantuwa, ko shi ya manta akwai masu tuna masa kyauta. Sai dai kafin in kai ku Turba, bari in fara gaya muku irin idon da Allah ya ba ni, don ku san daga inda na faɗo.

Ina saurayi a Sabon Birni, in an ce yau ake duban watan azumi, ni ake nema. Mukan hau tudun bayan unguwarmu da magariba, manya na ta kare goshi da hannu suna laluben sama, ni kuwa in miƙa yatsa in ce ga shi can, sama da kan giginya kaɗan. Sai an jima sauran su gani. Daga nan aka laƙaba mini Shaho. Na karɓi sunan hannu bibbiyu, na riƙe shi har na yi aure, har na tara iyali, har furfura ta fara leƙowa a gemuna. In ana hira aka zo maganar ido sai in gyara zama. Na sha faɗa a majalisa cewa tabarau na mutum biyu ne, tsohon da ya gama ganin duniya da ɗan bokon da ke son a san ya yi boko. (Akwai wani malamin makaranta mai tabarau a majalisar tamu. Bai taɓa tanka mini ba. Yanzu na gane haƙuri ne irin na wanda ya san ranarsa na nan tafe.)

Sana'ata fatauci ne a kan babur. In ɗauko atamfa da dabino da taliya daga wajen Maraɗi, in zaga da su kasuwannin Isa da Bafarawa da Tsamaye. Wanda ya san hanyoyin nan ya san abin da ido ke sha: rana a fuska tun hantsi, iska, yashi in mota ta wuce ka, da damina kuma ƙananan ƙwarin nan da ba su da wurin mutuwa sai cikin idon mai babur. Ban taɓa sa komai na kare fuska ba. Wani abokin cinikina a Maraɗi ya taɓa miƙo mini baƙin tabarau, su can luneti suke ce masa, ya ce in riƙa sawa a hanya. Na ce ya ajiye wa mawaƙa. In abu ya faɗa mini a ido, sai in murje shi da bayan hannu, hannun da na gama ɗaure kaya da shi, in ci gaba da tafiya.

A hankali idon ya fara ja, yana ƙaiƙayi, yana hawaye ba dalili. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta ce rashin tozali ne, ta kawo tandunta ta shafa mini da ɗan tsinken da duk gidan ke amfani da shi, har da jikanta mai ciwon ido. Da abin bai yi ba, sai na haɗu da wani mai maganin tebur a kasuwar Bafarawa, yana sayar da maganin tsutsar ciki da na ciwon baya da na ɓera duk a faifai guda. Ya ba ni wata 'yar kwalba ya ce in ɗiga. Gaskiya ita ce abin ya yi mini daɗi. Kana ɗigawa za ka ji sanyi, jan ya washe, ido ya yi fari tas kamar na ango. In ya dawo in sake ɗigawa. Haka na mayar da ita kamar shayin safe, in ta ƙare in sayi wata, ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, duniya ta fara yi mini hazo. Na kusa ina gani lafiya lau. Amma mutum in ya ɗan yi nisa, sai fuskarsa ta narke, in ga riga da hula kawai suna tafiya. Sai na ƙirƙiro dabara. Duk wanda ya nufo ni sai in riga shi sallama da babbar murya, in ce “Alhaji, barka da war haka,” in kasa kunne. Yana amsawa na gane murya, sai in ɗora sunansa kamar dama na san shi ne. Dabarar ta yi aiki sosai, sai dai na mayar da rabin Sabon Birni alhazai, har da waɗanda ko Sakkwato ba su taɓa zuwa ba. Wanda kuwa bai yi magana ba, ya ɗaga hannu kawai daga nesa, wannan sai dai Allah ya haɗa mu wata rana.

Matata Rabi ce ta fara ganewa. Wata rana ta shanya gero a tsakar gida, na fito daga ɗaki na hangi baƙar kaza a gefen tabarma, na cire takalmi na bi ta ina kora. Ta ƙi gudu. Na ƙara matsawa ina faɗa. Rabi na gindin murhu, ko kai ba ta ɗago ba ta ce, “Baban Nana, leda ta kaka kora. Kaza na nan bayanka tana cin hatsin.”

Na ce ai na sani, ledar ce nake son in kawar. Ta ce to. Da yamma ta kawo maganar asibiti a hankali, yadda mata ke kawo maganar da suka san ba a so. Na ce mata ni da ake nema duban wata, ni za a kai a duba? Ta ce watan da aka gani bana ma ai a rediyo na ji shi. Na yi kamar ban ji ba.

Yanzu sai in gabatar muku da mutum biyu, don su ne labarin.

Na farko Isiya, ɗan gwaggon nan tawa mai tozali, wato taubashina. Gajere ne kakkaura, in yana tafiya sai ka ce kwale-kwale a kan ruwa. Tun muna yara muke wasan taubasai, kuma wasanmu na hula ne. Duk wanda ya sami ɗan'uwansa a sake sai ya fizge masa hula, ba ya bayarwa sai an fanshe ta da tsire. Mun girma, mun haifi 'ya'ya, ba mu daina ba. A 'yan shekarun nan kuwa shi ke cin nasara kullum, don yana hango ni tun daga bakin kasuwa, ni kuwa sai na ji iska a kaina. Ana saura mako bikin ya cire mini sabuwar hula a tsakiyar kasuwar Bafarawa ina cikin ciniki da wata Bafulatana, ya tafi da ita yana rangaji. Na rantse a raina sai na rama a gaban jama'a.

Na biyu kuwa surukina, mahaifin Rabi. Ba za ni faɗi sunansa ba, ko a rubuce ba na iyawa. Baba nake ce masa. Manomi ne a Turba, mai shanu kaɗan da magana kaɗan, irin dattawan da in rigimar iyakar gona ta tashi ake cewa a je wurinsa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi nakan tuɓe takalmi tun daga nesa in durƙusa. (Na ce in na hango shi. Ku riƙe wannan.) Shi ma gajere ne kakkaura. Ban taɓa lura da haka ba, don ban taɓa kallonsa a tsaye ina tsaye ba.

Rabi da yara sun riga ni tafiya Turba da 'yan kwanaki, don aikin biki. An sa ɗaurin auren da hantsi, kamar yadda ake yi yanzu, don baƙi su kama hanya su isa gida da sauran rana, tunda hanyoyinmu sun zama sai da addu'a. Ni kuwa na makara wajen gugar babbar riga da gyaran gemu. Na ɗiga maganina, ido ya yi fari, na hau babur. Ina hanya waya ta yi ƙara. Isiya ne, shi ma an gayyace shi don abokin ango ne.

“Shaho, ina Turba tun da sahe,” in ji shi. “Shuɗiyar riga ag gare ni, don kar ka ce ba ka gane ni ba. In kai namiji na, zo da hula mai kyau.”

Na ce ya jira ni.

Na isa na tarar an cika ƙofar gidan amarya. An shimfiɗa tabarmi a fili, mutane zaune sahu-sahu, wasu tsaye a baya. Na kafe babur a nesa, na tsaya ina duba taron. Fararen riguna ne birjik, kamar an zuba auduga. Can gaba, ana fuskantata, sai ga shuɗi. Gajere, kakkaura, zaune ya naɗe ƙafafu, da hula mai aiki a kansa. Ina kallonsa sai ya ɗaga hannu ya yafito ni.

Na ce a raina, wato har tsokanata kake yi.

Duk wanda ke da ido a wurin ya ga dattijo mai farin gemu yana nuna wa surukinsa wurin zama kusa da shi. Ni na ga Isiya yana mini gwalo da hannu. Ban amsa ba. Na juya kamar ban gani ba, na bi ta bayan taron, na zaga ta gefen katanga ina sanɗa, ina tattare babbar riga kar ta yi ƙara. Wasu sun gaishe ni na yi musu alamar su yi shiru. Wani dattijo ma ya matsa ya ba ni hanya, yana tsammanin saƙo na kawo. Na tsallake sahu, na taka tabarmar manya da takalmina, na tsaya daidai bayan shuɗiyar rigar. A lokacin an gama neman aure da bayarwa, sanƙira mai shelar ɗaurin aure ya yi shiru, liman ya ɗaga hannu za shi fara addu'a, wuri ya yi tsit.

A cikin wannan tsit ɗin na sa hannu na fizge hular, na cusa ta a hammata, na ɗaka wa ƙeyar mari mai ƙara, na ce da muryar da nake talla da ita a kasuwa, “Yau ka shigo hannu, ɓarawon huluna. Dubi ƙeya kamar ta bajimin sa.”

Hannuna ne ya fara ganewa kafin kaina. Isiya na da suma baƙa ƙirin, yana ma alfahari da ita. Abin da tafina ya sauka a kai kuwa santsi ne, sanƙo mai sheƙi da 'yar furfura a gefe. Na ɗago kai. A sahun da ke gabana, kusa sosai yadda ko ni ba za ni kasa gani ba, ga Isiya zaune cikin shuɗiyar riga, hularsa a kansa, bakinsa a buɗe.

Hannun liman na sama bai sauko ba. Wani ya yi tari ya haɗiye. Na ji wata akuya na kuka can bayan gari, kuma wallahi na yi mata hassada.

Baba bai zabura ba. Ya juyo a hankali, ya ɗaga kai ya dube ni, karo na farko da muka haɗa ido tun da na shiga gidansa neman aure. Ya dubi fuskata, ya dubi hammatata inda bakin hularsa ke leƙowa.

“A'a, ɗana, kai na?” in ji shi. “Sannu da hanya. In ka ƙare da ita ka maido mani, rana ta yi zahi.”

Na zube a gwiwa. Maimakon in miƙa masa hular da hannu biyu kamar mai hankali, sai na ga ya fi ladabi in mayar da ita inda na ɗauko ta. Na ɗora masa a kai, ta zauna a karkace ta rufe masa ido guda. Na sa hannu in gyara, ta faɗo. Allah ya saka wa sanƙiran nan da alheri, shi ya ɗaga murya ya ce a yi salati ga Annabi, jama'a suka ɗauka gaba ɗaya, kuma ban taɓa jin salatin da ke rawa irin wannan ba, don rabin masu yinsa dariya suke dannewa. A cikin salatin na ja da baya da gwiwa, na tashi, na bar takalmi guda a kan tabarma.

Bayan wani rumbu na je na zauna. Daga nan na ji an shafa fatiha, na ji maroƙa sun fara. Ban daɗe ba na ji labarin ya shiga cikin gida, don shewar da ta tashi daga wajen mata ba ta guɗar aure ba ce. Na yi tunanin Rabi a tsakiyarsu, da 'yan'uwanta da matan ƙannenta, sai na ji dama ƙasa ta tsage. Na yi tunanin in hau babur in wuce Maraɗi in nemi ɗaki. Isiya ne ya gano ni. Ya zo da takalmina a hannu, ya zauna kusa da ni, yana dariya har hawaye na zuba. Da ya samu numfashi sai ya cire hularsa ya ɗora mini a gwiwa ya ce in riƙe, kyauta ce, ba sai na kai ga limamin gari ba.

Bayan azahar aka ce Baba na kira. Na same shi a zaurensa shi kaɗai. Na durƙusa tun daga ƙofa na fara ba da haƙuri, ina haɗa Isiya da tsire da kasuwar Bafarawa, maganar ba kai ba gindi. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce shi maganar hula ba ta dame shi ba, ya san wasan taubasai, shi ma ya yi. Abin da ke damunsa daban ne, kuma ya daɗe yana damunsa.

Ya ce kwanakin baya ya gan ni a kasuwar Isa, ya ɗaga mini hannu, na dube shi tsaf na kawar da kai. Ya ce wataƙila ciniki ya ɗauke mini hankali. Wata rana kuma yana tsaye bakin hanyar Bafarawa da buhu, yana jiran abin hawa, na zo a kan babur ba kaya, na kalle shi na wuce. Ya ce ranar ya koma gida bai ci tuwo ba. Ya sa mahaifiyar Rabi ta tambaye ta a asirce ko wani abu ya shiga tsakaninmu, ko an yi mini laifi a gidan nan, ta ce lafiya lau. Bai yarda ba, ya ɗauka rufin asiri take yi. Yau ma da ya yafito ni na juya baya, sai ya ce a ransa to abin ya tabbata, yaron nan ya fita batunmu.

Ya faɗi wannan duka yana kallon tabarma, ba faɗa, ba ɗaga murya. Na fi son a ce ya zage ni. Ni ina can ina kare sunan Shaho, ashe dattijo na nan yana kwana da tunanin auren 'yarsa.

Sai ya nuna waje ta ƙofar zaure. Akwai tsamiya a tsallaken fili, ba nisa.

“Wa ac can gindin tsamiya?”

Na ƙanƙance ido. Na ga zane mai ruwan ɗorawa da wani ƙaramin abu a gefe. Ba murya, ba dabara.

“Wata baiwar Allah ta, Baba, da yarinya.”

“Matarka ta, da ɗiyarka.” Ya juyo ya dube ni. “Da idon ga kaka ɗauko mani jikoki bisa babur?”

Na tuna ramukan da na riƙa faɗawa a hanya ina zagin masu gyaran titi, da ranar da na kusa hawa kan jaki a kwance ina ɗauke da Nana a gaba. Na tuna kuma cewa a hanyoyinmu na yanzu, mai babur na bukatar ya gane waɗanda ke tsaye can gaba tun da sauran damar juyawa.

Baba ya ce shi ma ya yi irin wannan taurin kan, sai da yanar ido ta rufe masa guda sannan ya yarda aka kai shi Sakkwato aka cire. Ya san wurin, ya san hanya, kuma shi da kansa za shi raka ni. Ranar kuwa Isiya ne ya tuƙa ni zuwa gida, ni a baya kamar buhun dabino, yana rera waƙa duk hanya.

Wanda bai taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da surukinsa a kujerar mota tun daga Isa har Sakkwato ba, bai san tsawon hanyar nan ba. Ga matsi, in mota ta faɗa rami sai in faɗa jikinsa in ce a gafarce ni. Ya sayi ƙosai ya miƙo mini, na karɓa na riƙe a hannu har ya huce, don ba ni cin abinci a gabansa. (Mutumin da na mara a ƙeya gaban liman. Kunya ma wani lokacin ba ta san lissafi ba.)

Likitar da ta duba ni Bayarabiya ce mai tabarau, Hausa a bakinta kamar a Sakkwato aka haife ta. Tana ganin tsagen fuskata ta ajiye biro ta ce yau Allah ya kawo mata bawanta har ofis. Kun san tsakaninmu Gobirawa da Yarbawa, da a kasuwa ne da na rama, amma ga Baba zaune a gefe, ga ni a kujerar marasa lafiya. Ta sa na rufe ido guda, ta nuna allo mai alamu, in faɗi inda kowace ta fuskanta. Na sama na faɗa da ƙarfi. Daga na uku na koma canki-canka, ina faɗa da gadara ko za ta ɗauka gani nake. Ta ce Bagobiri ko a asibiti sai ya yi yaƙi.

Da ta tambayi abin da nake sawa a idon na ce ruwa kawai. Sai Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar kwalbata ya ajiye a tebur. Rabi ce ta ba shi.

Nan likita ta daina wasa. Ta haska idon, ta auna, sannan ta yi mini bayani dalla-dalla. Rana da iska da yashi sun sa wani ɗan nama ya tsiro daga gefen farin idona yana rarrafawa wajen baƙin, yana daga cikin abin da ke ɓata mini gani, kuma dama ina bukatar tabarau tuntuni. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi damunta kwalbar ce. Ta ce irin wannan magani yana da amfaninsa in likita ya ba da shi na ɗan lokaci yana lura, amma wanda ya mayar da shi abin kullum yana iya jawo wa kansa hawan jinin ido, kuma nawa ya fara hawa. Ta ce shi wannan ba ya ciwo, ba ya sallama, a hankali yake cin gani, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Na zo da sauran dama, amma ba don wayona ba.

Ta rubuta mini magani na gaskiya da ranar dawowa awo. Ta ce ba ni ba babur sai da abin kare ido, in abu ya faɗa in wanke da ruwa mai tsabta kar in murje, tsinken tozali kuma kowa da nasa, in ma dole ne. Ta ce in riƙa cin ganye, zogale da rama da alayyafo, da karas da mangwaro in lokacinsu ya yi. Baba na ta gyaɗa kai yana haddacewa, kuma duk ya isar wa Rabi, don tun daga ranar ban sake ganin tuwo ba kwaɗon zogale a gefe ba.

Ranar da na karɓi tabarau na fito ƙofar asibiti na tsaya kamar baƙauye. Ashe itace ganye ɗai-ɗai gare shi. Ashe mutanen da ke tsallaken titi suna da hanci da baki. Na dawo Sabon Birni na shiga majalisa da shi a fuska, na zauna ina jiran abin da za ya biyo baya. Malamin makarantar nan ya dube ni ya daɗe, sannan ya tambaye ni cikin ladabi, a cikin biyun wanne ne ni, tsohon ko ɗan bokon. Na ce duka. A kasuwa kuma na gano akwai abokan ciniki da suka daina tsayawa wurina don sun ɗauka na yi kuɗi na fara girman kai. Sai da na bi su ɗaya-ɗaya ina ba da labarin Turba da bakina, wanda dama ya riga ni isa.

Ina zuwa awo yadda aka ce, ina sa abin kare ido a hanya, na kuma kai Gwaggo aka duba ta, ko da yake har yau ta ce tozalinta ba ya da laifi, idona ne ba ya da kirki. Tsakanina da Baba kuwa abin ya zama alheri ta wata hanya, don yanzu yana hira da ni fiye da da. Bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Sai dai duk ranar da na je gaishe shi, ina yin sallama a ƙofar zaure, kafin ya amsa, sai in ga ya ɗaga hannu a hankali ya dafe hularsa. Yanzu kuwa ina ganinsa sarai, har da ɗan murmushin da yake ɓoyewa a cikin gemu.

Don haka in ka fara kiran kowa Alhaji kana jiran ya yi magana, kar ka tsaya sai ido ya yi ciwo, je a duba ka. Kunyar tabarau kwana biyu ce a majalisa. Ta suruki kuwa, ni dai har yanzu ina cikinta.